Injin kwando a filin ciko: me za a duba kafin a hau?

Mai Walda:
Assalamu alaikum. Za a ɗaura ƙarafan rufin sito, tsayin mita 14, da injin ɗaga ma'aikata mai dogon hannu. Filin ciko ne, ga ramin fandisho a gefe, ga damina ta kankama. Masana, me ya kamata a duba kafin mutum ya shiga kwando?

Injiniyan Gini:
Wa alaikumus salam. Malam, da ƙasar za ka fara. Idan aka miƙa hannun gefe guda, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin injin zai iya tattaruwa kan taya ɗaya. Cikon da ba a danne da rola ba, zai ɗauki mota lafiya lau, amma ya lotsa ƙarƙashin tayar nan. Ka zaga filin da ƙafa, ka sa alama a sokawe, kwalbati, tsohuwar rijiya da duk inda aka binne bututu. Tazararka da bakin rami kada ta gaza zurfinsa: rami mita 2, nisa mita 2, in ƙasa ta jiƙe ka ninka. Bayan kowane ruwan sama a sake dubawa. Idan injin mai ƙafafun tokare ne, a shimfiɗa wa kowace ƙafa faranti mai faɗi, ta sauka a tsakiyarsa. Bulo ba ya wannan aiki, farfashewa yake yi.

Bakanike:
Gaskiya ne, Injiniya. Ƙari kan haka, ƙararrawar karkata a yawancin masu dogon hannu tana kuka ne a digiri 5. Ta yi kuka, a janye hannun ciki tukuna, a sauke a hankali, a sake wuri. Don Allah kada a cire mata waya wai tana damun mutane. Tafiya a gargada kuwa sai an sauke hannun ƙasa, a ƙaramin gudu. Tayar da ta faɗa ɗan rami, girgizar kan ninku kafin ta isa kwando, har ta cilla mutum waje kamar gwafa. Shi ya sa ake ɗaura ɗamarar jiki da gajeriyar igiya, a maƙale a zoben da aka tanada cikin kwandon, ba a jikin ƙarfen gini ba. In tayoyin masu cikon soso ne, kada a musanya su da na iska, nauyinsu na cikin abin da ke riƙe injin.

Mai Kula da Tsaro:
Iska ma, Malam. Iyakar yawancinsu mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, kuma a kwando ake aunawa. Hadari ya haɗo, a sauko. Lodi a duba farantin bayanai da ke jikin injin, da yawa kilo 230 ne har da mutane da kayan walda. Sannan a ajiye mutum ɗaya a ƙasa wanda ya iya maɓallan saukar gaggawa, a gwada su kowace safiya.