Furen Daliya da Na Gani a Holan: Ko Zai Yi a Ƙasar Katsina?

Ɗan Ƙofar Soro ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure, musamman malaman gona da masu sana'ar lambu, domin tambayata tasu ce.

A farkon watan Satumba aiki ya kai ni ƙasar Holan, a daidai lokacin da zafinsu yake janyewa, kakarsu tana kunno kai. Mai masaukina ya ɗauke ni zuwa garin Zundert da ke kudancin ƙasar, kusa da iyakar Beljiyam, inda ake yin bikin fure a ranar Lahadin farko ta Satumba tun daga shekarar 1936. Unguwannin garin kowace tana da gonarta ta furen daliya, kuma da wannan fure ake lulluɓe manya-manyan siffofin da ake zagaya gari da su ranar bikin. Gonakin ne suka fi ɗaukar hankalina fiye da bikin kansa, har na roƙi a kai ni wurin manoman domin in ga shukar a tsaye.

Abin da na gani ya wuce abin da na zata fure ɗaya zai iya yi. Akwai masu ƙaramin kai a dunƙule, faɗinsu bai wuce santimita 5 ba, 'yan ganyayen furen a jere cif-cif ba wanda ya kauce wa layi. Akwai masu ganyayen fure sirara a nannaɗe masu tsini, akwai kuma manya waɗanda faɗin fure ɗaya yakan kai santimita 25, har sai an kafa wa shukar sanda don kada nauyinsa ya karya ta. An nuna mini wani iri mai suna Bishop of Llandaff, wanda ganyensa ya yi duhu kusan baƙi, furensa kuwa ja wur, da wani mai suna Café au Lait mai launin madara da ɗan ja-ja a ciki, wanda aka ce masu bikin aure suna yawan nema. Launuka kuwa akwai fari, rawaya, ja, ruwan goro, ruwan hoda da masu haɗa biyu, amma manomin ya ce har yau ba a samu shuɗi na ainihi ba. Na kuma lura cewa duk kyansa ba shi da wani ƙamshi.

Ina da ɗan fili a bayan gida da ruwan burtsatse. Shin daliya za ta yi a Katsina? Idan za ta yi, wane lokaci ya dace a shuka, kuma da saiwa ake farawa ko da iri? Na gode.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, barka da dawowa, Allah ya sa an yi tafiya a sa'a. Amsar tambayarka tana cikin sanin inda shukar ta fito, don haka daga can zan faro.

Daliya ba 'yar Turai ba ce, ko da yake Turawa ne suka yawaita ire-irenta. Asalinta tsaunukan Meksiko ne da maƙwabtanta na tsakiyar nahiyar Amurka, kuma ita ce furen ƙasa na Meksiko tun 1963. A shekarar 1789 aka aika da irinta daga birnin Meksiko zuwa lambun sarki na Madrid, inda masanin tsirrai Antonio José Cavanilles ya rene ta, ya kuma raɗa mata sunan wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Anders Dahl. Abin da ya shafe mu a wannan tarihi shi ne tsayin ƙasar da ta taso, domin a daji ana samun ta ne a wurare masu tsayin mita 1,500 zuwa sama, inda rana take da haske sosai amma dare yake da sanyi. Katsina kuwa tsayinta wajen mita 500 ne, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan kai digiri 40. Ita daliya da zarar zafin rana ya dinga wuce digiri 30 da ɗoriya, dare kuma bai huce ba, sai ta tsaya cik, ta daina fitar da fure, ganyenta ya soma ƙonewa daga baki.

Saboda haka duk wanda ya kwaikwayi kalandar Holan a nan zai yi asara. Su suna shukawa ne a Afrilu da Mayu bayan ƙanƙara ta wuce, su ga fure daga Yuli har zuwa sanyin farko na Oktoba ko Nuwamba, wanda shi ke kashe shukar. A wurinmu watannin nan su ne bazara da damina, na farko ya ƙona ta, na biyu ya ruɓar da saiwarta. Mutanen da ya kamata mu duba su ne na Indiya, domin a filayensu masu zafi, irin na yankin Kalkata, suna noman daliya a lokacin sanyi, su dasa bayan ɗaukewar damina, su sami fure daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan shi ne tsarin da ya yi daidai da hunturunmu, lokacin da dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. A ganina a yi renon iri cikin Oktoba a ƙarƙashin inuwa, a dasa a farkon Nuwamba, a sa ran fure a Janairu da Fabrairu kafin zafi ya dawo.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu don kada ranka ya ɓaci. Daliya tana lura da tsawon yini. Idan yini ya gaza awa 12, takan karkata ƙarfinta zuwa ga yin saiwa, ta rage tsawo, ta yi saurin fure. A Holan yinin watan Yuni yana wuce awa 16, shi ya sa shukar take samun damar yin jiki kafin ta soma fure. Mu a nan yinin Disamba awa 11 ne da 'yan mintoci. Ke nan shukarka za ta fi waɗanda ka gani gajarta, furen ma ba zai kai girman nasu ba, kuma wasu masu cikakken kai za su buɗe tsakiyarsu ta fito. Za ta yi, amma ba za ta yi kamar ta Zundert ba.

Uwargida daga Daura ta amsa:

Sallama gare ku. Baba Malamin Gona ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ƙara ne da abin da hannuna ya taɓa, domin na shuka daliya a lokacin da muke zaune a Jos, na kuma sake gwadawa bayan mun dawo Daura.

A Jos ba ta ba ni wahala ba, saboda tsayin garin ya kai wajen mita 1,200, kuma ƙasar da ke karɓar dankalin Turawa tana karɓar daliya. Saiwar tata ma kamar dankalin Hausa take, dogaye a haɗe a gindin kara. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci, wato idon da zai tsiro ba a jikin saiwar yake ba, yana can sama a wuyanta inda ta haɗu da tsohon kara. Duk saiwar da aka ɓalle ba tare da wannan wuya ba, ko ta kai girman hannu, ba za ta tsiro ba. Ana kwantar da ita ne a rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, idon yana kallon sama, a kafa sandar tun ranar shuka domin idan aka bari sai daga baya sandar takan huda saiwar. Ba a yi mata ban ruwa mai yawa kafin ta tsiro, danshi kaɗan ya isa. Idan ta kai tsawon santimita 30 sai a tsinke kanta, wannan ne yake sa ta yi rassa da yawa maimakon kara ɗaya.

A Daura kuwa ƙasarmu jigawa ce, ruwa ba ya zama, wanda alheri ne ta fuskar ruɓewa amma yana nufin sai an haɗa da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a kuma rufe gindin da ciyawa busasshiya. Ɗanyen taki yana jawo gara, takin zamani mai sa ganye kuma idan ya yi yawa sai a sami ganye kore shar babu fure. Na fi samun nasara a manyan tukwane da na ajiye a wani gefe na tsakar gida, inda hantsi yake samun su, katanga kuma ta kare su daga ranar la'asar da iskar hunturu, domin karan daliya rami ne a ciki, iska mai ƙarfi tana karya shi. Ƙurar hunturu ma tana jawo wasu ƙananan jajayen ƙwari da ke yin saƙa a bayan ganye, maganinsu na farko shi ne a riƙa wanke bayan ganyen da ruwa da safe.

Inda abin ya gagare ni shi ne ajiyar saiwa. Turawa suna tone ta su adana a wuri mai sanyin digiri 4 zuwa 10 har shekara ta zagayo. Mu kuwa muna tonewa ne a Maris, sannan mu nemi ta jira har Nuwamba, ta ratsa bazara da damina. Waɗanda na binne a yashi a ɗaki wasu sun bushe sun ƙanƙance, wasu sun ruɓe da shigowar damina. Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka fara da iri, ka ɗauke ta a matsayin shukar shekara ɗaya.

Mai Lambu na Hanyar Jibiya ya amsa:

Ranka ya daɗe Malam, ni sana'ata ke nan, renon itatuwa da furanni ina sayarwa, kuma da izinin Baba da Hajiya zan ɗan saɓa. Ban ce ba za ta yi ba, amma ina ganin wahalar ta fi amfanin yawa ga wanda bai taɓa renon fure ba. Wata biyu na fure ne kacal bayan wata uku na ban ruwa, a lokacin da ruwan yake da tsada, sannan furen idan an yanke shi ba ya wuce kwana huɗu ko biyar a cikin ruwa, wanda aka yanke bai buɗe ba kuma ba zai buɗe ba.

Akwai 'yar'uwarta da ake kira ziniya, danginsu ɗaya, ita ma daga Meksiko ta fito, amma tana son zafi. Manyan ire-irenta suna da cikakken kai da launuka masu yawa, har wanda bai sani ba zai ɗauka daliya ce, tana fure cikin wata biyu daga shuka, kuma kana iya tara irinta da kanka. Ga kuma kariya tamu ta gida, wadda take fure a tsakiyar rani ba tare da ta nemi ruwa kullum ba, masu lambu a ƙasashen Asiya sun fitar da ire-irenta masu ninki suna sayarwa da daraja. Sai dai a kula da ruwan jikinta inda akwai yara da dabbobi, domin guba ne.

Abu na ƙarshe, idan zuciyarka ta tsaya a kan saiwar Holan, kada ka sa a cuso maka ita a cikin jaka. Shigo da tsiro ko saiwa Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi. Dokar tana da dalili, domin daliya tana ɗauke da cututtukan da ke zama a cikin saiwa, wasunsu kuma suna kama tumatir da barkono, waɗanda su ne abincin masu noman rani a Ajiwa da Jibiya da Sabke.

Ɗan Ƙofar Soro ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karɓi shawarar Mai Lambu game da ziniya, zan shuka ta a gefe, maganar izini kuma na riƙe ta. Amma raina yana kan daliya, ko da tukwane biyar ne. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini. Idan na fara da iri kamar yadda Hajiya ta ce, zan iya samun ainihin Café au Lait ko Bishop of Llandaff daga gare shi?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

A'a Malam, ba za ka samu ba, kuma duk wanda ya sayar maka da iri da wannan alkawari bai faɗa maka gaskiya ba. Daliyar lambu tana da jerin ƙwayoyin gado ninki takwas, alhali yawancin tsirrai ninki biyu gare su, shi ya sa kowane ƙwayar iri yake fitar da shuka dabam da uwarsa, kuma wannan ne dalilin dubban ire-iren da ake da su. Iri mai suna ana riƙe shi ne ta hanyar raba saiwa ko yankan reshe kawai. Abin da za ka samu a fakitin iri shi ne gajerun daliya masu launi gauraye, tsawonsu santimita 30 zuwa 60, mafi yawansu masu fure mai buɗaɗɗiyar tsakiya, kuma su ne suka fi jure yanayi irin namu.

Idan a cikinsu ka ga wadda ta burge ka, kuma kana da wani a Jos, ka tone saiwarta a ƙarshen Fabrairu tun zafi bai kankama ba, ka aika masa ya dasa ta da damina a can. A watan Oktoba sai ya yanko maka rassa masu tsawon santimita 8 zuwa 10, ka kafa su a yashi mai danshi a inuwa, cikin mako biyu zuwa uku za su yi saiwa, ka dasa su a farkon Nuwamba tare da sauran.