Ɗora amshi a gida da XR18, kiɗa ba ya zuwa kunne

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu mikisar XR18, na'urar haɗa sauti, ku agaza min. Na haɗa ta da laftof ta USB, FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, yana ganin maik ɗina lafiya lau, amma kiɗan da ke cikin kwamfuta ba ya zuwa hedifon ɗin da na soka jikin mikisa. In na kunna USB a layi na 1 sai kiɗa ya zo murya ta ɓace. Amshi nake son ɗorawa kan waƙar biki kuma asabar za a zo karɓa

Bello: Wa alaikumus salam. Direban sauti, wato manhajar da ke haɗa mikisa da kwamfuta, na mikisar ka sa ko na gama-gari ASIO4ALL?

Nasiru Mabera: Nata na sa

Oga Sani: To ai layi guda ba shi ɗaukar abu biyu ƙanena, ko maik ko USB. FL shina turo kiɗa ta 1 da 2, kai kuma nan ka soka maik. Tahi ƙasan Master ka maida mafitar zuwa 17 da 18, sannan a X Air Edit, manhajar sarrafa mikisar, ka kunna USB ga layin Aux, wato 17 da 18 ɗin. Kiɗanka zai zamna can da nashi feda, maik na nan layi na 1 ba abin da ya taɓa shi.

Umar Arkilla: Ni dai tun farko na ce Cubase ta fi daɗin wannan aikin

Bello: An fara

Aminu Runjin Sambo: Nasiru tsaya kafin ka danna jan maɓalli ka ji abin da ya same ni bara, don wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni ma haka anka gyara min, kiɗa ya zo kunne na yi murna, ashe a shafin In/Out abin da nake maidawa kwamfuta Main LR ne, wato gaurayen duk sautin mikisa, ba layin maik kaɗai ba. Na tara yara mata uku 'yan amshi tun bayan la'asar, zafin watan Afrilu, mun kashe fanka don kar ƙararta ta shiga maik, sai zufa muke sharcewa da gefen riga, har ana kiran isha'i muna ɗorawa, layi takwas. Da suka tafi na zauna in gyara, na kashe komai na bar amshi na farko shi kaɗai, sai na ji kalangu da fiyano ras a cikinsa. Na biyu kuwa har da muryar ta farko a ciki, haka haka har na takwas, kowane ya haɗiye na bayansa. Ba ka iya rage kiɗa ba ka rage murya ba, Auto-Tune kuma ya rikice don bai san wa zai bi ba. Dole na sake kiransu na sake biyan kuɗin amshi da na mashin daga aljihuna, ɗayar ma gidansu ba su bari ta dawo ba. Saboda haka ka duba USB Sends da idonka, na 1 ya zama maik tsurarsa kafin EQ da komai. Kuma a FL kar ka yi rikodin kan Master, ka ɗauki wani layi daban. Ka yi gwajin daƙiƙa 10 ka saurare shi shi kaɗai tukuna, kafin ka tara 'ya'yan mutane.

Hajara: Innalillahi, layi takwas. Sannu yaya Aminu

Nasiru Mabera: Allah ya saka. Oga kiɗa ya zo! Amma yanzu muryata biyu nake ji, kamar ina waƙa cikin rijiya

Oga Sani: Sau biyu kake jin kanka. Guda daga mikisa kai tsaye, guda ta shiga kwamfuta ta zagayo a makare. Kashe sauraron maik na cikin FL kwata-kwata, ka bar na mikisa. Amfanin mikisar kenan.

Bello: Ko ya rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi, zuwa 64 kawai

Oga Sani: Bello laftof ɗinai ba ta ɗauka, ƙaraf-ƙaraf za ta riƙa yi. Ku yi lissahi mana, a 48k, wato ɗaukar sauti sau dubu 48 a daƙiƙa, jinkirin bafa 128 bai kai miliseken 3 ba, 512 kusan 11, 1024 ya wuce 21, kuma wannan tafiya ɗaya ce, sai ta shiga ta fito. Sauti a iska wajen santimita 34 yake ci a miliseken guda, to 21 awa ka tsaya mita bakwai da bakinka kana saurare. In ta mikisa kake jin kanka ko 1024 ka bari babu ruwanka, kwamfuta kiɗa kawai take turowa.

Hajara: Oga ni fa in babu ɗan amsa-kuwwa a kunne ba na iya sakin murya, bushewa nake ji

Oga Sani: Mikisar na da FX huɗu na ƙawata sauti irin amsa-kuwwa ɗiyata, a sa miki nan ki ji a kunne, kwamfuta ta ɗauki busasshiya. In baƙo biyu za su shiga a ba kowa Bus nashi, wato mafitar sauti tashi daban, akwai shida, sai dai suna son ɗan amfilifaya na hedifon don mafitar XLR ce.

Umar Arkilla: Tunda an zo maganar waya, wanda ya ari doguwar XLR ɗita tun bikin Gwiwa ya san kansa

Bello: Na ce maka tana shago Umar, kullum sai ka tona ni a zaure

Umar Arkilla: Wata uku tana shago?

Kabiru: Jama'a ni XR12 gare ni, haka zan yi?

Aminu Runjin Sambo: A'a, USB ɗin XR12 da XR16 na filashi ne, sitiriyo kawai suke ɗauka. XR18 ce ke magana da kwamfuta 18 shiga 18 fita, X32 kuma 32. Kai sai ka haɗa da ƙaramin sawunkad

Kabiru: Kash, mai shagon bai faɗa min ba

Hajara: Nasiru ka kula da hedifon ma, mai rufe kunne ruf ka samu irin su ATH-M50x ko MDR-7506, kuma kar ka ƙure shi. Ni na taɓa zare kunne ɗaya don in ji kaina, ƙas-ƙas ɗin metironom duk ya shiga maik

Aminu Runjin Sambo: Da kashe sifikun ɗaki. Kuma mikisa da waƙar su zama lamba ɗaya wajen saurin ɗaukar sauti, ko duk 44.1 ko duk 48, in sun saɓa za ka ji murya ta tashi ko ta faɗi wajen rabin taki da ɗoriya

Nasiru Mabera: Alhamdulillah rijiya ta tafi, na gwada amshi ɗaya fes ya fito babu kiɗa ciki. Saura wani zuuu siriri da nake ji tunda aka ɗauke wuta muka tada janareta

Bello: Zare cajar laftof ka ji

Nasiru Mabera: Ya ɗauke. To amma batirina minti 40 yake yi

Umar Arkilla: Akwai inbata wajena, ka zo bayan magariba. Ka biyo ta shagon Bello ka taho min da wayata