Me zan rubuta a furofayil ɗina, in faɗi ina da ɗa ko in bari sai an saba?

Maman_Ɗaya:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema kar a min dariya. Shekarata 31, aurena ya mutu shekara 3 ke nan, ina da yaro ɗan shekara 5 yana hannuna. Koyarwa nake yi, aiki ya dawo da ni Kaduna kuma ban san kowa ba, daga makaranta sai gida, shi ne ƙanwata ta sauke min wata manhajar neman aure a waya ta kuma saka ni wani guruf na mata a Facebook wai ko ƙawaye na samu. To wajen da ake cewa ki faɗi wani abu game da kanki nan na maƙale, kwana 3 ina rubutawa ina gogewa. Wata ƙawata ta ce in sa 26, kar in ambaci yaron sam sai mutum ya riga ya kamu, kuma in ɗora hoton bikin ƙanwarmu wanda aka min kwalliyar da ni kaina da ƙyar na gane kaina. Raina bai kwanta ba, amma ina tsoron in na rubuta bazawara mai ɗa ko sallama ba wanda zai min. Waɗanda suka taɓa yi, ya kuka yi?

Yar_Zazzau:
Ƙanwata rufa wa kanki asiri kar ki biye wa ƙawar nan taki. Kin rage shekara 5, to yaron fa, ranar da mutumin ya zo zance a ƙarƙashin gado za ki tura shi? Ni ma bazawara ce lokacin da na shiga, yarana 2, a layin farko na rubuta. Eh saƙo ya ragu ba zan miki ƙarya ba, masu "slm kyakkyawa ya kike" na ƙarfe 1 na dare duk suka watse, amma 'yan kaɗan ɗin da suka rage da maganar kirki suka zo, ban ɓata data wajen yi wa kowa bayani daga baya ba.

Sannan dan Allah ki bar irin rubutun nan na "ni mai sauƙin kai ce, mai tsoron Allah, ba na son ƙarya", kowa haka yake rubutawa har ɓarawon waya. Faɗi abin da in mutum ya karanta zai samu bakin zaren hira. Ni cewa na yi ina sayar da atamfa da turaren wuta, kuma ba a min magana da safe sai na sha shayi. Wlh wanda nake gidansa yanzu da maganar shayin ya fara, wai mai madara ko ruwan bunu.

Ɗan_Birni:
Hajiya bari in faɗi ta ɓangarenmu. Na taɓa tasowa daga Zariya har Kano, na sha man mota na sayi turare, na tsaya a ƙofar gida wata ta fito na gaishe ta da ladabi na ce ina sallama da wance, ta ce ai ni ce. Ba wai mummuna ba ce fa, ko kusa, da ainihin hotonta ta sa da zan zo ɗin, amma filta ta mayar da ita fara sol ta ja mata hanci, sai na zauna kan darduma ina ta tunanin to me kuma aka gyara min a labarin. Hirar ba ta yi armashi ba.

Mu maza ma ba a bar mu a baya ba, mutum ya jingina da motar ogansa ya ɗau hoto, sana'a ya rubuta "harkar kwangila", ga mata da 'ya'ya 4 a gida ya yi gum. In ƙari kake nema ka rubuta ƙari, akwai masu so.

Abu ɗaya da zan ƙara, ki sa jinotayif ɗinki. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila, gara a sani kafin zuciya ta yi nisa. Mu nan Kano ma tun 2024 gwamnati ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif da HIV da ciwon hanta, kin ga ko an ɓoye takardar asibiti za ta fallasa.

Anti_Mai_Kwamfuta:
Duk na yarda da su amma a yi hattara, faɗin gaskiya daban, baje kolin gidanku daban. Ki ce kina da ɗa, kar ki sa hotonsa. Ki ce malama ce, kar ki faɗi sunan makarantar, kuma ki duba bayan hoton kar allon makaranta ko get ɗin gida ya fito. Hoto na kwanan nan, hasken rana, mayafinki na kullum, ya isa. In ba kya son kowa ya gan ki, manhajoji irin su Muzz, wadda ake ce wa Muzmatch har zuwa 2022, suna bari ki dusashe hoton sai wanda kika ga dama, har waliyyi za ki iya sakawa yana ganin hirar.

Shi ma ki bincike shi, jefa hotonsa a Google Lens ki ga ko na wani ya sato, a yi bidiyo kol tun da wuri, wanda kullum kyamararsa ta lalace ki san akwai lauje cikin naɗi. Duk wanda ya fara da an riƙe min kaya a boda ranta min dubu 50, ko turo min lambobi 6 ɗin nan da suka shigo wayarki bisa kuskure, bulok kawai, WhatsApp ɗinki zai ƙwace. Haɗuwar farko kuma ba otal ba, ba cikin mota ba, ya zo gidan wani babbanki.

Malam_Na_Ƙauye:
Ni dai 'yata ban ga abin da ya kai ki waya ba. Ga masu dalilin aure, ga limamin unguwa, Hisbar Kano ma ta aurar da mutum 1,800 da matansu a 2023. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Yar_Zazzau:
Amin Malam, amma ai ta ce baƙuwa ce a garin, limamin ma bai san ta ba tukuna. Kuma ko gaban mai dalili ta je tambayoyin nan dai zai mata, shekara nawa, yara nawa, me ya raba ku.

Maman_Ɗaya:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Ga abin da na rubuta: "Shekara 31, bazawara, ɗa 1, AA. Ina koyar da lissafi a firamare. Na iya masa amma tuwona sai a hankali. Aure nake nema, magana ta wurin yayana." A guruf ɗin matan kuma na cire zancen auren na ce baƙuwa ce ni, ina neman wadda za ta raka ni Kasuwar Barci ranar Asabar, har mutum 2 sun amsa. Anti maganar tuwon nan in bar ta ko in goge?

Anti_Mai_Kwamfuta:
Bar ta, da ita za su fara miki sallama. Hoton bikin dai shi za ki cire, na ga har yanzu shi ne a nan ma.