"Girman kai rawanin tsiya": ta hau kan manajan da ya riga ya samu?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku raba mu gardama. Jiya a wurin aikinmu manaja ya kira masinja, dattijo ne da a haife ya haife shi, ya bar shi tsaye a bakin tebur kusan minti 20 yana ta danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Da ya ga dama sai ya turo masa fayil da bayan biro har ya faɗi ƙasa. Dattijon ya duƙa ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce "to, yallaɓai." Wallahi sai da idona ya ciko. Da muka fito na ce wa abokiyar aikina, girman kai rawanin tsiya. Sai ta ce na ajiye maganar ba a muhallinta ba, wai ta matsiyaci ce mai hura hanci, shi kuwa manaja ga mota ga gida ga albashi mai tsoka, ina tsiyar take?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki tana da hujja. Yadda na taso na ji manya suna faɗa, ana jefa wa mutumin da ba shi da ko sisi ne, amma a ba shi aiki ya ce ya fi ƙarfinsa, a ba shi shawara ya ce ba a isa ba. Sarki yana da rawanin sarauta, malami yana da na ilimi, shi kuwa wannan ba abin da ya naɗa sai girman kai. Mai muƙami yana da nasa maganganun. Da ni ne, da "samun wuri" zan ce.

Baba Ɗan Fansho: Malam, ka yi mini afuwa, ban bi ka ba a nan. Wa ya ce tsiya rashin kuɗi ce kaɗai? In aka ce wane ya cika tsiya, ai ba aljihunsa aka leƙa ba, halinsa ake nufi. In aka ce abu ya ƙare da tsiya, ƙarshensa ne bai yi kyau ba. Ni a fahimtata, wanda ya ɗauki girman kai, an naɗa shi sarautar tsiya ke nan, ko yau ko gobe za ta zo ta yi masa mubaya'a.

Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, daga ƙaramin akawu har mataki na 14. Doka ce, ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ka sauka. Na ga daraktan da sai sakatarensa ya yi maka iso sau biyu kafin ka gan shi, bayan ritaya na same shi a layin tantance 'yan fansho, rungume da fayil, yana neman wanda zai ce masa sannu. Yaran da ya hana ƙarin girma su ne a kan teburin. Ba su wulaƙanta shi ba, sun dai bar shi ya bi layi kamar kowa, kuma na ga yadda hakan ya yi masa ciwo.

Tela Mai Zare: Baba, to amma me ke kawo shi tun farko? Ni tambayata ke nan. Mutum kuna cin tuwo kwano ɗaya, ranar da aka ba shi kujera sai gaisuwa ta gagara.

Baba Ɗan Fansho: Ɗana, mafi yawan waɗanda na gani tsoro ne. Wanda ya san aikinsa ba ya jin komai in ƙaramin ma'aikaci ya ce "yallaɓai, lissafin nan akwai gyara." Wanda aka ɗora da takardar wani babba, ko aka ɗauko shi daga aikin da ya iya aka ba shi jagorancin mutane ba tare da an koya masa ba, kullum gabansa na faɗuwa kada a gano shi. Sai ya ɗaure fuska, ya yi ta tsawa, don kada kowa ya matso kusa balle ya yi tambaya. Ka lura, rawani abin rufe kai ne. Wannan ya naɗa nasa ne don ya rufe abin da babu a ciki. Shi ya sa na ce maganar Hajiya ta zauna daram.

Direban Ofis: Ku bar ni in faɗi wadda ba a so. Mu ma da laifinmu. Mutum ya sauko daga mota, uku sun ruga karɓar jaka, ɗaya na "ranka ya daɗe", ya yi maganar da ba ta da daɗi a ƙyalƙyale da dariya. Shekara biyu a haka, dole ya ɗauka shi daban ne. Mu muke naɗa masa rawanin da hannunmu.

Uwar Biyu: Malam Direba, gaskiya ne, amma ka duba dalili. Shi ke cike maka takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara, shi ke sa hannu a hutunka. In kuwa ɗan kwantiragi ne kai, kamar yawancin masu shara da masu gadi da yaran kanta a bankuna, da baki kawai zai ce kada ka zo gobe. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun 2024 in ma ana biyansa cikakke, ga iyali, da wane bakin zai ce a daina yi masa tsawa? Fadancin nan ba so ba ne, neman tsira ne.

Ɗalibin Ilimi: Ina so a bambance abu biyu, don kada a zalunci shugabanni na gari. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya ce ai mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau. Sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka babbar mota da ofis mai sanyi ba su ne matsalar ba. Manajan da ya ce a zo ƙarfe 8, ya yanke wa mai latti alawus, wannan tsare aiki ne. Wanda ya bar dattijo a tsaye yana danna waya, ya faɗa cikin raina mutane kai tsaye.

Malamin Hausa: Na karɓi rabin gyaran Baba. Tsiya ta fi talauci faɗi, wannan haka yake. Amma ina nan a kan cewa asalin maganar ta marar abin hannu ce, faɗaɗa ta aka yi daga baya, kuma ba laifi, haka harshe ke tafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rawanin kansa. Ku dubi na sarakunanmu, da amawali yake zuwa, ya rufe baki. Sarki ba ya ɗaga murya a fada, fadawa ke amsa gaisuwa a madadinsa. Kuma Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zuba. Wanda aka ba kujera ya kasa ɗaukar ko gyaran lissafi daga na ƙasa da shi, bai karɓi wannan ɓangaren na girman ba.

Uwar Biyu: Na gode muku. Yau da safe na samu Baba masinja yana goge tebur, na ba shi haƙuri a kan abin jiya. Ya yi murmushi ya ce, "'yata, manaja 6 na gani a kujerar nan." Sai ya ƙara da abin da ban sani ba: wannan na yanzu a ofishin nan ya yi bautar ƙasa, kuma shi Baba ne ya nema masa ɗakin haya, ya riƙa raba abincin rana da shi har alawus ɗinsa ya fito. Ya ce tun ranar da ya dawo a matsayin manaja bai taɓa haɗa ido da shi ba.