Wayar da ke duba ciwon ganye: in saya ko in bari?

Mai garkar Jiratawa: Salama alaikum ƴan uwa. Tumatirina ganye na ta ƙonewa, ɗan wana da ke jami'ar Dan Dicko a Maraɗi ya ce in sayi babbar waya ya sa mini manhajar Plantix, wai ka ɗauki hoton ganye ta gaya maka ciwon. Jika arba'in gare ni, kuɗin taki ne. Wanda ya gwada a kan tumatir ya faɗa mini.

Ɗan Tibiri: Jika arba'in ba ta sayen waya mai kyamarar kirki, sai sittin.

Baban Hadiza: Wa ya ce? Talatin da biyar na sayi tawa a babbar kasuwa.

Na Madarunfa: Malam riƙe kuɗinka. Bara yarona ya sa mini irin wannan, ba ma ita ba wata ce, na ɗauki hoto ta ce cutar danshi, na tafi har Jibiya na sayo magani na yi feshi sau uku, ashe tsutsar nan ce mai shiga tsakiyar ganye tana cin ciki ta bar fatar kamar leda, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016. Kwando shida na tsinka inda nake tsinkar talatin, har yau ban gama biyan mai famfo ba.

Ɗalibi: Baba hotuna dubbai aka nuna wa na'urar ta koya, in ba ta taɓa ganin irin ganyenka ba sai ta faɗi mafi kama. Da rana tsaka ma hoton baya fita. Ga wata manhajar, Nuru ta PlantVillage, ko rezo babu tana aiki, amma rogo da tsutsar masara ta fi sani.

Na Madarunfa: Kai ka taɓa riƙe hauya?

Ɗan Tibiri: Boka ne na cikin aljihu, shi ma sai an ba shi forfen intanet 😂

Hajiya mai zogale: Ku kai ganyen wajen ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma, a Tarna mana, ido da ido.

Ɗalibi: Hajiya ma'aikaci nawa ne, manomi nawa?

Baban Hadiza: Ni ko an gane ciwon, maganin fa? Kwalba babu kwanan wata, rubutun ya goge, ka fesa tsutsa ta yi wanka ta ƙara ƙiba.

Na Madarunfa: Wallahi nawa ma kamar kananzir aka haɗa. Wajen wa ka saya?

Mai garkar Jiratawa: To jama'a wayar fa?