Shin malamin aji ne ya kamata ya jagoranci binciken gyaran karatu?

Malamar lissafi, Zariya: Ra'ayina shi ne gyaran karatu yana farawa daga mai riƙe da alli, domin shi ne yake ganin inda yaro ya yi tuntuɓe. A Japan malamai sun daɗe da al'adar tsara darasi guda tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna a ajin suna lura da yadda yara suke tunani, sannan su koma su tattauna su gyara. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda JICA, hukumar Japan mai taimakon ƙasashen waje, ta tallafa wa a jihohin Kaduna, Neja da Filato tun daga 2006, ya koya wa malaman firamare su tsara darasi, su gwada, su duba, su sake gyarawa.

Sufeto mai ritaya, Kano: Malama, ban ƙi ta taki ba, amma a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, kuma 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Ta yaya wanda darasin kansa ya gagara zai binciki yadda ake koyar da shi?

Malamar lissafi: Ranka ya daɗe, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da wannan jarrabawa, amma ko da mun yarda da sakamakonta, mai rauni ne ya fi kowa bukatar zama da abokan aikinsa. A makarantarmu mu uku muka lura 'yan aji uku suna faɗuwa a ɗebewa mai aro. Da muka saurari yaran da kyau, sai muka ga cewa yarinyar da ta kasa a kan allo tana ba da canji daidai a wajen talla, don haka muka sake gina darasin a kan kuɗi, cikin Hausa.

Hedimasta, Haɗeja: Ku biyun kun tsallake shugaban makaranta, alhali a hannunsa jadawali yake. Malamin da ya saba ganin hedimasta ya shigo masa aji da littafin rubuta laifi ba zai taɓa yarda abokin aikinsa ya kalli darasinsa ba, don kunya da tsoro sun riga sun shiga tsakani. Ni na ware awa ɗaya duk ranar Alhamis, kuma ajina aka fara kalla, aka kuma gyara mini a gaban kowa, kafin sauran su saki jiki.

Sufeto mai ritaya: Malam Hedimasta, wannan ya burge ni, sai dai na sha ganin irinsa ya mutu a makon da aka yi wa shugaban canjin wurin aiki. Idan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma bai amince da wannan awa a rubuce ba, wa zai hana magajinka ya soke ta?