Neman kalmar Hausa: me za mu kira "silent film"?

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka mini kafin Juma'a. Ina haɗa shirin rediyo kan matan da suka ba da umarnin fim a farkon zamanin sinima, irin su Alice Guy da ta fara a kamfanin Gaumont na Faransa a 1896, da Lois Weber ta Amurka. Fim ɗin Weber mai suna Shoes, na 1916, labarin budurwa ce 'yar aikin kanti, dala 5 take samu a mako, ita ke riƙe da gidansu, takalminta ya huje har tana cusa kwali a ciki. Me zan kira irin waɗannan finafinai na da, da ake ganin 'yan wasa amma ba a jin su?

Malam Sani: Fim ɗin bebe. Gajere ne, kowa zai gane.

Maman Iman: Malam, don Allah a bar bebe. Ina koyar da kurame, iyayensu suna jin rediyo. Kuma Weber, matar da ta yi fim kan tazarar haihuwa da zubar da ciki a 1916, lokacin da kowa ke kame baki, ba ta yi kama da bebiya ba.

Tasi'u: Fim marar sauti fa?

Hauwa'u: Na so shi, Yaya Tasi'u, amma akwai mai kaɗa piyano a gidan kallon, wani wurin ma cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Muryar 'yan wasa ce babu, sai rubutu tsakanin hotuna.

Baban Khalifa: Duk kun bar hanya. Fim ba Hausa ba ne. Iyayenmu majigi suka kalla a ƙofar fada, mai bayani yana ta lasifika. Majigin shiru, shi ke nan.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, majigin ma aro ne daga Turanci.

Baban Khalifa: Aron da ya kwana shekaru a bakin kakanninmu ya zama namu. Ku 'yan boko kunyar Hausa kuke ji.

Tasi'u: Ba kunya ba ce, Baba. Yaro a yau in ya ji majigi, na'urar haska bango zai ɗauka.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai. Zan ce fim marar magana, in yi bayanin piyano sau ɗaya. Lokaci nake so in ba Dorothy Davenport, da ta shirya fim kan shaye-shaye a 1923 bayan ƙwaya ta kashe mijinta.

Baban Khalifa: To, ki ce marar magana. Amma ko sau ɗaya ki ambaci majigi, dattawa na saurare.